Wane Irin Jagora Ne Kai?

Karatu: Markus 8:22-26, 1 Tarihi 25:1-8

  

Yau maganarmu a kan jagora ce. Dukanmu mun san ɗan jagora. Shi ne yaron da ke riƙe da kan sanda, makaho yana riƙe da gindinta, suna tafe cikin kasuwa. Inda aka ja sandar, nan makaho zai bi. In jagoran mai kirki ne, zai kai shi inuwa, ya kauce masa rami. In kuwa mugu ne, zai yini da shi cikin rana yana bara, da yamma ya ƙirga kuɗin ya sa a aljihunsa. Sanda ɗaya ce, hanya ɗaya ce, zuciyar mai riƙe da kan sandar ce ta bambanta.

A cikin karatunmu na fari, mutanen Betsaida sun kawo wa Yesu wani makaho, suna roƙonsa ya taɓa shi. Ku lura da abin da Ubangiji ya fara yi. Ya kama hannun mutumin, ya zama masa jagora, ya fita da shi bayan gari inda babu hayaniya. Da ya ɗora masa hannu, sai ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin ya fara gani, amma dishi-dishi, har mutane suka yi masa kama da itatuwa. Yesu bai yi fushi ba, bai kuma zarge shi da ƙarancin bangaskiya ba. Ya sake ɗora hannu a idanunsa, sa'an nan ya ga komai sarai. Daga nan ya sallame shi gida, ya hana shi komawa cikin gari, domin kada ya zama abin kallo. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo gare shi.

Yaran da muke magana a kansu

Makanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tsofaffin Kauru da Lere sun san makantar bakin kogi, wadda ƙananan baƙaƙen ƙudaje ke kawowa, kafin a yi shekaru ana raba maganin Mectizan. Mun kuma san yaran da ƙyanda ta cinye musu idanu. Amma akwai wasu yara da nauyinsu biyu ne. Ga makanta, ga kuma wani hali da likitoci ke kira otizam, wanda za ku ji 'yan jarida suna ce masa galahanga. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya bayyana shi dalla-dalla a shekara ta 1943, bayan ya lura da yara 11.

Yaya ake gane shi? Yaron yakan yi jinkirin magana, ko kuwa ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa kalma bayan kalma. Ka ce, kana jin yunwa? Shi ma ya ce, kana jin yunwa? Yakan zauna yana rausaya jikinsa gaba da baya. Ƙara mai ƙarfi tana sa ya toshe kunne ya yi kururuwa. In aka canja masa wurin zama ko lokacin abinci, sai hankalinsa ya tashi. A wasu gidaje sai a ce ɗan ruwa ne, ko an sa shi cikin maita, ko uwarsa ce ta yi wani zunubi. 'Yan'uwa, ba ko ɗaya. Haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu tun farko, ba a kuma ɗaukar wannan hali daga wani. Almajiran Yesu ma sun taɓa neman wanda za su ɗora wa laifi a kan mutumin da aka haifa makaho, cikin Yohanna sura 9, Ubangiji kuwa ya wanke mutumin da iyayensa duka.

To, ina kiɗa ya shigo? Yaron da ba ya gani, kunne ne idonsa. In kuma yana da otizam, maganar mutane takan zama masa kamar kasuwa mai cunkoso, ba ya sanin abin da zai biyo baya. Amma waƙa tana da tsari. Baiti yana zuwa, amshi yana biye, abin da ya wuce yana dawowa a lokacinsa. Saboda haka wasu cikin yaran nan suna samun hutawa a cikin waƙa. Masu bincike sun kuma lura cewa irin kunnen nan mai gane kowace murya ta kiɗa ita kaɗai, ba sai an gwada ta da wata ba, ya fi yawa a cikin waɗanda aka haifa makafi da masu otizam. Ba kowane yaro ba ne, kada mu ruɗi kanmu. Kaɗan ne suke da baiwa mai ban mamaki. Za mu ba ku labarin mutum uku daga cikin kaɗan ɗin nan, amma ku sa ido a kan masu riƙe musu sanda.

Jagoran da ya ci guminsa

An haifi Thomas Wiggins a jihar Jojiya ta Amurka a 1849, makaho, ɗan bayi baƙar fata. Wani lauya mai suna James Bethune ya saye shi tare da iyayensa. Yaron ba ya magana kamar sauran yara, amma yana kwaikwayon kukan zakara da saukar ruwan sama daidai. Ya riƙa jin 'ya'yan maigidan suna kaɗa piyano. Kafin ya kai shekara 6 yana kaɗa abin da ya ji, har yana ƙirƙiro nasa. A lokacin ba a san kalmar otizam ba, amma waɗanda suka bi tarihinsa daga baya sun ga alamunta a halinsa.

Me Bethune ya yi da wannan baiwa? Ya ba da yaron haya ga mai shirya wasanni tun yana ɗan shekara 8. Aka riƙa yawo da shi gari gari da sunan Makaho Tom. Yakan ji dogon kiɗa sau ɗaya ya maimaita shi. Yakan kaɗa waƙa ɗaya da hannun dama, wata da hagu, yana rera ta uku da baki. A 1860 ya yi wasa a fadar shugaban Amurka, gaban Shugaba James Buchanan, daga baya aka kai shi har Turai. An 'yanta bayi a Amurka a 1865, amma iyalin Bethune suka ci gaba da riƙe shi da takardun kotu. Dukiya mai yawa ta shigo ta hannunsa, ta shiga aljihun wasu. Mahaifiyarsa ta yi shekaru ba ta tare da ɗanta. Ya rasu a 1908 yana hannun masu riƙonsa.

Gaskiya ne sun ɗauko masa malaman kiɗa. Amma mai saniya ma yana ba ta dusa, domin nonon da zai tatsa. Maimaitawar Shari'a 27:18 ta ɗora la'ana a kan wanda ya karkatar da makaho daga hanya. Ba sai ka tura makaho rami ba ne ka karkatar da shi. In ka mai da baiwarsa gonarka, ka riga ka yi.

Uwar da ba ta gaji ba

Na biyu shi ne Leslie Lemke, wanda aka haifa bakwaini a birnin Milwoki na Amurka a 1952. Ciwo ya sa likitoci suka cire masa idanu tun yana jariri, ga raunin ƙwaƙwalwa, ga gaɓoɓi da ba sa aiki sosai. Yana wata 6 aka miƙa shi ga wata ma'aikaciyar jinya, May Lemke, mai shekara 52, ana zaton ba zai daɗe ba. Matar nan mai addu'a ce. Takan sa masa abinci a baki tana shafa maƙogwaronsa har ya koyi haɗiya. Takan ɗaure shi a jikinta tana takawa domin ƙafafunsa su koyi tafiya. Sai da ya kai wajen shekara 12 kafin ya tsaya da kansa, tafiya kuwa sai wajen shekara 15. Ta sa masa piyano a ɗaki, tana ɗora yatsunsa a kan nata tana kaɗawa.

Wata rana cikin dare, yana wajen shekara 16, May ta farka ta ji kiɗa, ta ɗauka an bar talabijin a kunne. Da ta leƙa, ga Leslie zaune yana kaɗa wani dogon kiɗa mai wuya na Tchaikovsky, mutumin Rasha, wanda ya ji a talabijin. Daga baya ya yi wasa a majami'u, da gidajen tsofaffi, da gidajen kurkuku, har a ƙasashen waje. Mutane suka ce abin al'ajibi ne, mu ma mun yarda. Amma kafin daren nan akwai shekara da shekaru na wanka, da ciyarwa, da goyo, ba tare da ko na gode ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ku kuma lura, da tsufa da ciwon mantuwa suka kama May, 'yarta Mary ce ta karɓi riƙon Leslie. May ta rasu a 1993, sandar ba ta faɗi ƙasa ba.

Malamin da ya koyi yaren ɗalibinsa

Na uku shi ne Derek Paravicini na Ingila, wanda aka haifa a 1979 cikin mako na 25 na ciki. Iskar numfashi da aka ba shi domin ceton ransa ta lalata masa idanu, ya kuma tashi da otizam da wahalar koyon abubuwan yau da kullum. Yana ɗan shekara 2 mai renonsa ta ba shi wani ƙaramin abin kiɗa na wasan yara, ya koya wa kansa. Yana wajen shekara 5 iyayensa suka kai shi ziyara makarantar makafi ta Linden Lodge a Landan. Da ya ji piyano sai ya ƙwace daga hannunsu, ya ture wata yarinya da ake koya wa, ya hau kaɗawa. Da yake bai taɓa ganin yadda ake yi ba, yana bugawa da gefen hannu, da gwiwar hannu, har da hanci.

Malamin da ke koyarwa a ranar, Adam Ockelford, bai kore shi ba. Ya ji cewa a ƙarƙashin bugun nan akwai waƙa daidai. Amma ga matsala: Derek ba ya yarda kowa ya taɓa piyanon, ba ya kuma fahimtar bayani da baki. Sai malamin ya riƙa ɗaukarsa ya ajiye shi a can ƙarshen ɗaki, ya ruga ya kaɗa ɗan gajeren kiɗa kafin yaron ya lalubo hanya ya dawo. Derek yana isowa sai ya ture shi ya maimaita abin da ya ji. Abin ya zama musu wasa, wasan ya zama hira, hirar ta zama darasi. Daga sau ɗaya a mako suka koma kullum. Shekaru aka yi ana gyara masa yadda zai ajiye kowane yatsa. Yana ɗan shekara 9, a 1989, ya yi wasa a babban zauren Barbican na Landan tare da babbar ƙungiyar makaɗa. A 1995 malamin nan ya kafa wata gidauniya mai suna Amber Trust domin sauran yara makafi su sami koyon kiɗa. Su biyun sun yi shekaru fiye da 30 suna aiki tare.

Yanzu ku tuna da Betsaida. Kama hannu, janye mutum daga hayaniya, tambayarsa abin da yake gani, sake gwadawa ba tare da fushi ba. Hanyar da Ubangiji ya bi ita ce malamin nan ya bi, ita ce kuma May ta bi.

Baiwa tana bukatar horo

Karatunmu na biyu ya nuna mana Sarki Dawuda yana shirya mawaƙan gidan Ubangiji: 'ya'yan Asaf, da Heman, da Yedutun. Su 288 ne, an kuma ce horarru ne, suna aiki a ƙarƙashin iyayensu. Da aka zo raba aiki, an jefa ƙuri'a a kan babba da ƙarami, malami da ɗalibi, ba a ware kowa ba. Ashe ko a gidan da aka gaji waƙa, sai an koyar. In 'ya'yan Asaf masu ido da baki sun bukaci malami, balle yaron da ba ya gani, ba ya kuma iya faɗin abin da ke zuciyarsa? Musa ya yi kuka da nauyin bakinsa a Fitowa sura 4. Allah ya tuna masa cewa shi ne Mahaliccin mai gani da makaho, sa'an nan ya haɗa shi da Haruna. Allah yakan ba da baiwa ga wani, ya ba da aikin renonta ga wani dabam.

Ƙasarmu ta san makafi masu baiwa. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya rasa idonsa tun yana yaro, amma ya yi karatu a gaban malamai, ya kuma bar wa Hausawa waƙoƙin Imfiraji. Tun 1953 mishan ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri ta jihar Filato, inda ake koyon rubutun makafi. Wanda ya ƙirƙiro rubutun nan, Louis Braille na Faransa, shi kansa makaho ne mai kaɗa kayan kiɗa a majami'a, ya kuma tsara yadda za a rubuta kiɗa da shi. Dukansu wani ne ya zaunar da su ya koya musu. Amma yaron da ke da makanta da otizam tare, sau da yawa ba ya kai ko ƙofar makaranta. Yana can ƙuryar ɗaki, yana buga gwangwani da tsinke, ana ce masa ya yi shiru.

Me za mu yi?

Iyaye, ku fara da asibiti. Wata makantar yara, kamar ta yanar ido, tana warkewa in an yi aiki da wuri. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. Game da halin yaron kuwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, Kaduna. Kada ku kai shi inda za a ɗaure shi ko a doke shi da sunan fitar da aljani. Sa'an nan ku saurare shi. In yana buga ƙwarya, ku ji ko bugun yana da tsari. In yana gunguni, ku ji ko waƙar ranar Lahadi ce yake maimaitawa.

Shugaban mawaƙa, da kai mai kaɗa kibod ko gita, muna magana da kai. Ka ba yaron nan ɗan lokaci, ko minti 15 ne, a rana ɗaya, a wuri ɗaya, kowane mako, domin canji yana tayar masa da hankali. Ka zaɓi lokacin da majami'a take shiru, an kashe janareta da lasifika. Ka faɗi sunanka kafin ka matso, ka gaya masa kafin ka taɓa hannunsa. Ka bar shi ya shafa kayan kiɗan daga sama har ƙasa. Ka kaɗa ɗan gajere, ka tsaya, ka jira. In ya ture ka, kada ka ɗauka raini ne. In wata uku sun wuce ba ka ga komai ba, ka ci gaba. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Iyayenmu na zumuntar mata, ku ne kuke da tulu da caki da ganga. Ku ba shi ɗaya ya riƙe a lokacin koyon waƙa. Ku kuma tuna da uwarsa, wadda wataƙila ta yi shekara ba ta zauna sujada daga farko har ƙarshe ba. Wata ta karɓe ta na sa'a ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattawan ikkilisiya, aikinku shi ne tsaro. In baiwar yaron ta fito, za a sami masu son yawo da shi taro taro domin tara baiko. Ku tambaya: yaron yana so? Ya huta? Kuɗin yana zuwa ina? Abin da ya samu a ajiye shi da sunansa, domin abincinsa, da karatunsa, da ranar da iyayensa ba sa nan. Ku kuma shirya mutum na biyu da zai san halinsa, kamar yadda Mary ta tsaya bayan May. Tun watan Janairu na 2019 Nijeriya tana da dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Bai kamata doka ta riga ikkilisiya ba, gama Bulus ya riga ya koya mana a 1 Korantiyawa sura 12 cewa gaɓoɓin da muke gani raunana, jiki ba ya iya yi sai da su.

Wani zai tambaya, in kuma yaron bai zama gwani ba fa? Yawancinsu ba za su zama ba. Wataƙila iyakarsa ya buga tulu daidai da amshi, ya yi murmushi. Wannan ya isa. May Lemke ba ta san akwai kiɗa a cikin Leslie ba sa'ad da take koya masa haɗiya. Ta yi domin mutum ne, cikin kamannin Allah aka yi shi. Wanda ya riƙe sanda domin abin da zai samu, ya bi sawun Bethune ko da yana rera waƙar yabo. Kai da ke saurare, akwai irin yaron nan a gidanku, ko a unguwarku, ko a bencin baya na majami'arku? Wa ke riƙe masa sanda, ina kuma ake kai shi?

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai ne ka yi ido, kai ne ka yi kunne. Muna kawo maka yaran da ba sa gani, waɗanda kuma magana take musu wuya. Ka ƙarfafa iyayensu da suka gaji. Ka tayar musu da malamai masu haƙuri a cikin ikkilisiyoyinmu. Ka tsare su daga hannun masu neman riba da su. Ka koya mana mu kama hannu yadda Ɗanka ya kama hannun makahon Betsaida. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Ku karanta ayoyin nan tare da iyalinku a gida. Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku.